Hannun Hagun Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakin da ya shekara huɗu bai fita daga cikinsa da ƙafarsa ba. Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Kafin Azahar an yi masa sutura, kafin La'asar mun dawo daga maƙabarta mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Jama'a ta zo. Tsofaffin direbobin tasha sun zo, 'yan albasa sun zo, dangin matarsa sun biyo hanyar daji daga Konni a kan babura. Wani dattijon Bafulatani daga wajen Araba ya zauna yana share hawaye da bakin rawaninsa. Ya ce wata shekara maciji ya sari matarsa, Kawu ya juyo da babbar mota cike da kaya ya kai ta asibiti, ko kaza bai karɓa ba. Kowa ya faɗi abin da ya sani: riƙon amana, sahun gaba a masallaci, rashin riƙe mutum a zuciya. Duk gaskiya ne.

Sai wanda ya yi masa wanka ya ce shi ma ya ga wani abu. Ya ce a babban yatsan Kawu na dama akwai kanta mai tauri kamar ƙirgi, irin wadda jan carbi yake bar wa bayin Allah. Wuri ya ɗauki kabbara. Wani tsohon direba, abokin Kawu tun suna yaran mota, ya dube ni. Ya ɗora hannuwansa a cinya, ya motsa manyan yatsunsa biyu sau ɗaya, sannan ya cusa su cikin riga. Babban ɗan Kawu ya sunkuyar da kai.

Ranar uku babban ɗan ya ja ni gefe. Ya ce abin nan da ke ɗakin tsoho, in sa shi a buhu in kai shi inda ba za a sake ganinsa ba, a bar magana inda mai wanka ya ajiye ta. Ba mugun mutum ba ne. Yana son mahaifinsa, sunansa yake so ya tsare. Na ce masa to.

Amma abin ya tsaya mini a rai. Kawu yana jan carbi, babu shakka. Sai dai kantar nan ba ta carbi ba ce, ta gem ce, wasan nan da ake haɗawa da talabijin ana danna maɓallai. Ya fi shekara arba'in yana yin sa. In na yi shiru, wani mutum dabam za a riƙa tunawa, ba wanda ya rene ni ba. Shekarata arba'in da takwas, shekara uku ke nan da na fara riƙe biro, kuma saboda shi na riƙe. Don haka zan rubuta shi yadda na san shi.

Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina, ya sa ni a motarsa. Albasa muke ɗauka, wani lokaci wake ko gishiri, tsakanin Illela da Konni har zuwa Tawa. Ya gaya mini a Konni ya fara ganin gem, tun kafin ya yi aure. An tsare motarsu kwana huɗu a wajen duwan, wato kwastan na Nijar, ana jiran takarda, sai ya shiga wani shago ya tarar da akwati mai tsawon mutum, ana jefa masa sefa ana harbin wasu abubuwa da ke saukowa daga sama. Ya ce ranar ya manta da abincin rana. Rayuwar direban boda jira ce: jiran lodi, jiran takarda, jiran jandarma ya gama shan shayi. Wasu taba suka koya a jiran nan, wasu karta, wasu abin da ya fi wannan muni. Shi gem ya koya. Daga baya ya sayi ƙarami na riƙewa a hannu, yana ɓoye shi a ƙarƙashin kujerar mota. Da ya samu hali ya sayi na'urar da ake haɗawa da talabijin, yana kunna su da batirin mota.

Yana da wata magana da ya ɗauko daga wasan. Na'urarsa ba ta ajiye inda mutum ya tsaya. In an kashe ka, ko batir ya mutu, sai ka dawo farkon tafiya. Shi ya sa duk abin da ya lalace sai ya ce, “To, a koma farko.” Ranar da motarmu ta kife da albasa kusa da Lafani, ina zaune bakin hanya ina kuka, ya duba ya ga babu wanda ya karye, ya kakkaɓe hularsa ya faɗi maganar nan. Ranar da ɗana na fari ya zo babu rai, ya zauna kusa da ni tun daga Azahar har Magariba. Da zai tashi ya dafa kafaɗata ya faɗe ta a hankali. Ban ji haushi ba, don na san daga inda ta fito.

Bai taɓa barin wasa ya ci masa salla ba. Ladan na cewa Allahu Akbar zai danna maɓallin tsayarwa, ko da ɗan mutumin nasa na cikin wasan yana sama tsakiyar tsalle. Yakan ce ai shi ma ya huta.

Da fari ba ya ɓoyewa sosai. Abin da ya sa ya rufe ƙofa ya faru ne shekarar da direbobi za su zaɓi shugaba a tasha. Kowa ya san Kawu ya cancanta. Ana tsakiyar taro wani ya tashi ya ce shi ba zai bi mai wasan yara ba, ya kira shi Alhaji Gem. Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ya koya wa tuƙi. Kawu ya ɗauki takalmansa ya tafi gida, ya kwashe na'urar daga zaure ya kai ta ƙuryar ɗaki. Ya yi shekara biyu ba ya gaisawa da mutumin, sai da mutumin ya kwanta ciwo sannan ya je. Amma sunan bai bar kunnensa ba har ya mutu.

Tun daga ranar babu wanda ya sake ganinsa yana wasa sai ni. Har matarsa, wadda duk muke kira Inna. Akwai wani farin ƙyalle, ragowar tsohon rawani, da yake ajiyewa kusa da shi. Da ya ji sallamar Inna da kwanon abinci sai ya tsayar da wasan, ya jefa ƙyallen a kan talabijin, ya tura hannun gem ɗin, wato abin da ke da maɓallan, ƙarƙashin cinya. Ta shigo ta durƙusa ta ajiye kwano, ta ce a ci lafiya, ta fita. Ba ta taɓa tambaya ba, bai taɓa bayani ba. Haka suke a komai. Ban taɓa jin ɗayansu ya kira sunan ɗaya ba.

Kaset ɗinsa sun kai goma, duk ya gama su, wasu sau da yawa. Guda ɗaya ne ya gagare shi, wanda ya sayo a kasuwar Konni. Wani ɗan mutum ne mai jar riga da takobi, Kawu yana kiransa Mutumina. Zai ratsa daji, ya haye kogi, ya bi wata gada mai ruɓaɓɓun katakai, ya gangara ƙarƙashin ƙasa, har ya iso wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe. A bakin ƙofar akwai tsohon mai gadi. Da ka iso sai rubutu layi uku ya fito a ƙasan gilashi, sai kuma wata kyandir ta fara ci a gefe. Kawu ya sari mai gadin nan ta kowace fuska, ba ya mutuwa. Ya yi tsalle ta kansa, ya tura bango, ya koma baya ya nemi mabuɗi. In kyandir ta ƙare sai Mutumina ya faɗi, a koma farko. Tun yana da ƙarfi, daga karin kumallo zuwa Azahar yake kaiwa ɗakin. Shekara ashirin da biyu yana zuwa bakin ƙofar nan yana komawa.

Ya san amsar tana cikin rubutun. Amma Kawu allo kawai ya yi, bai san boko ba, ni ma haka. Kuma duk wanda zai karanta masa sai ya shigo ɗakin ya ga abin da dattijo yake yi.

Sai ciwo ya zo. Wata Lahadi, ranar kasuwa, ya faɗi a bakin rumfar 'yan albasa. Da aka dawo da shi daga Sakkwato ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. Mutumin da ya san kowane rami daga nan zuwa Tawa ya koma sai an ɗaga shi an zaunar. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, ta inda ake jiyo ƙarar manyan motoci. Yakan gane mota da kukan injinta, ya faɗi mai ita, ya ce giya ta uku ta kusa mutuwa.

Ba a daɗe ba aka rufe boda. Ni lokacin kabu-kabu nake yi, ina ɗaukar mutane da kaya zuwa Konni. Rana ɗaya sana'ar ta tsaya. Na je gaishe shi na tarar da hannun gem a cinyarsa yana kallonsa. Abin hannu biyu yake so: ɓangaren hagu shi ke tafiyar da mutum gaba da baya, na dama shi ke tsalle da sara. Ya ce in zauna ta hagunsa in kama rabin.

“Kai as sitiyari,” in ji shi, “ni at totur da birki. Kak ka yi mini gardama bisa hanya.”

Haka na zama hannun hagun Kawu. Kafaɗata a jikin kafaɗarsa da ba ta ji, kawunanmu kusan a haɗe. Wata biyu muna faɗawa ramin farko. Yana zagina zagin tasha, ya ce ko jaki aka ba sitiyari ya fi ni. Daga baya na koyi jin numfashinsa. In zai yi tsalle yakan ɗan ja iska, ni kuma sai in tura. Ranar da muka fara isa ƙofar ƙarfe tare, ya daɗe yana kallon rubutun. Ya ce ba ya roƙon Allah Ya mayar masa da ƙafa, wannan ya wuce. Amma yana so ya ga abin da ke bayan ƙofar nan kafin hannun dama ya bi ɗan'uwansa.

Shi ya ce in shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan La'asar a firamaren unguwarmu. Ya ce tunda ni na riga na ga asirinsa, in je in koyo in zo in karanta masa. Na ji kunya, ina da furfura a gemu in zauna a bencin yara. Amma na je. Wata takwas ina fama da baƙaƙe, har na iya karanta sunan magani da allon shago.

Ranar da na ce na shirya, Kawu ya sa aka yi masa aski. Muka kama hanyar wasan tun da safe, muka isa ɗakin mai ƙofar ƙarfe, rubutu ya fito, ya tsayar da wasan. Na matsa kusa da gilashi na fara haɗa baƙaƙen da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Kowane harafi na san shi. Na kai ƙarshen layi na uku.

“To, mi yac ce?”

“Kawu, na karanta, amma ban ji ba.”

Na kwafe layukan a bayan littafina. Washegari na nuna wa malaminmu kalma biyu kawai, na rufe sauran da hannu. Ya ce wannan Faransanci ne, shi ma bai iya ba. Da na gaya wa Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mu biyu mun ƙare rayuwarmu muna tsallaka boda, muna jin jandarmomi suna yarensu, a Konni aka sayi kaset ɗin, amma bai taɓa zo mana a rai ba cewa boko ma yare-yare ne. Mun ɗauka in ka san baƙaƙen ka gama. Da dariyar ta lafa sai ya juya ya kalli labulen ƙofa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce in rufe littafin, kuma in rantse ba zan kai wa kowa ba. Na rantse. Ban fahimci kallon labulen ba a lokacin.

Shekara biyu da suka biyo baya su ne masu nauyi. Yatsan dama ya fara rawa. Idonsa ya fara hazo, sai da muka jawo talabijin har bakin katifa. Ɗakin da muke isa da Azahar ya koma sai gab da La'asar, wata rana ma a gada muke ƙarewa. In mun isa, abin da ya yi shekara ashirin yana yi shi za mu sake: sara, tsalle, tura bango, kyandir ta mutu. Abokan sana'ata wasu sun tafi Sakkwato, wasu sun koma bin hanyar daji. Matata tana tambayata wane irin jinya ne wannan da ba ya barin mutum ya nemi abinci. Ni kuma ina zaune a ɗaki mai zafi, riƙe da rabin roba, ina raka wani ɗan mutum zuwa ƙofar da na san ba za ta buɗe ba. Wani lokaci in na dubi gilashin sai in rasa wane ne a kulle, shi ko mu.

Sau ɗaya muka yi faɗa. Na ce akwai wani tela mutumin Tawa a bakin kasuwa, zan kai masa littafin, ba sai na faɗi daga inda rubutun ya fito ba. Kawu ya ce a Illela babu abin da ake kai wa tela da safe bai iso tasha da yamma ba. Na ce to ni na gaji. Ya ce in na gaji ga ƙofa nan, ni ai tawa a buɗe take. Na tashi na fita, na kwana uku ban leƙo ba.

Rana ta huɗu na shigo ba tare da ya ji ni ba. Na tarar ya ɗaure mataccen hannunsa a jikin hannun gem ɗin da igiyar wando, yana tura shi da haɓarsa. Mutumina yana ta faɗawa ramin farko. Na zauna ta hagunsa na kwance igiyar. Bai dube ni ba, ya ce sitiyari ya yi latti. Ba mu sake tayar da maganar tela ba.

Saura mako uku ya rasu, na fito tsakar gida zan yi alwala, na ajiye littafina a kan tabarmar da Inna take tsintar shinkafa. Iska ta buɗe shi ta baya. Ina wanke ƙafa na ji ta yi magana, ba ta ko ɗago kai daga faifai ba.

“Cewa yay yi a aje takobin ƙasa. Ƙohwar ba ta buɗe ma mai makami.”

Na tsaya da buta a hannu. Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce ai ta yi lakwal, makarantar bokon can, shekara shida a Konni kafin aurenta, Alhaji ma ya sani, har takardarta ya gani. Na ce to amma yau ta fara ganin rubutun. Ta yi ɗan murmushi ta ce ƙyallen nan fari ne, kuma ya tsufa. In talabijin na kunne rubutun yana fitowa ta cikinsa tar. Kusan kullum da Azahar a ɗakin mai gadin nan take tarar da shi ya tsaya. Tun shekarar farko ta karanta, tana durƙushe tana ajiye kwano.

Na ce, Inna, shekara ashirin da biyu, me ya hana ki faɗa masa?

“Bai tambaye ni ba,” ta ce. “Kuma da na hwaɗi, da ya san na gani.”

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta ce mutumin da aka yi wa dariya a tasha, in ya dawo gida ya rufe abinsa da ƙyalle, ba matarsa ce za ta yaye masa ba. Yanzu ma don ta ga yatsan yana tafiya ne, kuma a littafina ta gani, ba a ɗakinsa ba.

Na shiga na gaya masa abin da rubutun ya ce. Akwai maɓallin da ke sa Mutumina ya yar da abin da ke hannunsa, Kawu yana kiransa maɓallin asara, ya hana kansa taɓa shi tun shekarar farko. Wane mai hankali zai yar da takobi a gaban mai gadi? Sai ya tambaye ni wa ya karanta mini. Na yi niyyar in ce malaminmu ne ya samo. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, na ce Inna ce, kuma ta cikin ƙyalle ta daɗe da gani.

Ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bai ce a kunna ba, abinci ma kaɗan yake taɓawa. Na ɗauka na kashe masa abu ɗaya da ya rage masa.

Rana ta uku, ina shigowa da safe ya ce in haɗa batir. Sau uku muna faɗawa a gada, sau uku muna komawa farko. Azahar ta yi muna cikin daji, muka tsayar, na ɗaga shi ya yi salla a zaune. Inna ta aiko a tambaya ko a kawo abinci, ya ce a dakata. Sai da rana ta karkata muka gangara ƙarƙashin ƙasa. Gumi ya jiƙa masa riga, yatsan yana rawa kamar ba nasa ba. Muka shiga ɗakin, rubutu ya fito, ya tsayar. Daidai nan Inna ta yi sallama da kwano. Hannuna ya tafi wajen ƙyalle da kansa.

“Bar shi,” in ji Kawu. Sannan ya ɗaga murya kaɗan. “Shigo ki zamna. Ki karanta mini da bakinki.”

Ta ajiye kwanon, ta zauna a bakin katifa ta damansa, wurin da ban taɓa ganin ta zauna ba da rana. Ta gyara mayafi. Ta karanta da Faransanci tukuna, da wata siririyar murya irin ta 'yar makaranta, sannan ta mayar da Hausa. Babu wanda ya kalli wani a cikinsu, duk gilashin suke kallo.

Ya saki wasan, kyandir ta fara ci. Dole in tura ƙasa, shi kuma ya danne maɓallin asara ya riƙe. Ya danna, yatsan ya zame. Ya sake, ya zame. Kyandir ta wuce rabi. Na ji numfashinsa ya canza, na san ƙarfin ya ƙare. Sai Inna ta miƙa hannu ta ɗora yatsanta a kan nasa ta danne.

Takobin ya faɗi. Mai gadin ya matsa gefe, ƙofar ta ɗaga sama.

Na tura Mutumina ya shiga. Matakala ce, muka hau. A sama sai ga fili, da duwatsu, da wata hanya ta miƙe har ƙarshen gilashi. Wani rubutun ya fito. Inna ta karanta, sannan ta ce an ce sannu da ƙoƙari, matafiyi ya ci rabin hanya.

“Rabi?” in ji Kawu.

Ya fara dariya, ɓarin bakinsa mai rai yana rawa, hawaye na bin ɗaya kuncin. Inna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na motsi. Ana cikin haka aka kira La'asar. Na kai hannu zan tsayar, ya ce in kashe gaba ɗaya. Na tuna masa in an kashe sai an koma farko. Ya ce ya sani, ai ya ga abin da yake son gani.

Ba mu sake kaiwa ƙofar ba. Mun gwada kusan kullum a kwanakin da suka rage, gada ce iyakarmu, daga baya ma kogi. Amma ƙyallen bai sake hawa talabijin ba. Inna takan kawo faifanta ta zauna ta damansa. Ashe ta san hanyar duka da kunne, shekara da shekaru tana jiyo ta daga tsakar gida. Kafin mu iso rami sai ta ce, Alhaji, ga na ukun nan tahe. Shi kuma ya ce mata direba biyu sun ishi mota ɗaya. A kwanakin nan na ji sun yi hirar da ban ji sun yi ba tun ina yaro.

Ranar bakwai na ɗauki buhu na shiga ɗakin kamar yadda na yi wa babban ɗansa alkawari. Babu na'ura, babu kaset, sai batir da shatin talabijin a kan tabarma. Inna ta sa an kai su ƙarƙashin gadonta, inda take zaman takaba. Da ɗan nata ya je ya yi mata magana a hankali, ta saurare shi har ya gama. Ta ce masa ta ji, Allah Ya yi masa albarka, amma kayan mijinta ne, kuma ta riga shi sanin mutumin. Bai sake tayar da zancen ba.

Farin ƙyallen ta wanke ta ba ni, da shi nake naɗe littafina yanzu. Kafin kowa ya ga wannan rubutu ita na fara karanta wa, daga bakin ƙofa, ina tuntuɓe a wasu kalmomin. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce wuri ɗaya na yi kuskure, shekara ashirin da uku ne, ba da biyu ba, ita ta fi ni lissafin kwanon da ta kai. Na bar shi yadda na rubuta, na ƙara nata a nan.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ya rufe. Ya ba Inna haƙurin ɗakin da ya yi shiru. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa a duniya. Ya Allah, in ya iso taKa, kada Ka bar shi ya jira.